Ƙurar hunturu da injin numfashin Baba

Ƙannena maza da mata, a gidaje da dama yanzu akwai wani ɗan inji da ake ajiyewa a gefen gadon Baba ko na Hajiya, mai dogon tiyo da takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci. Galibi babban yaya ne ya aiko da shi daga Abuja ko daga ƙasar waje, bayan likita ya tabbatar cewa minsharin nan da aka daɗe ana yi wa dariya a tsakar gida ciwo ne. Yaya ya biya kuɗi ya koma bakin aikinsa. Baba kuwa idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu, ga littafin da ya zo da injin da Turanci. To wa ya rage? Kai ne, autan da ke gida, ko ke da kike zaman jiran sakamakon jarrabawa. Da ku nake, kuma maganata a kan abu mafi ƙanƙanta ce a jikin injin, wato filtar da ke tace iskar da yake zuƙa.

Sai kun san ciwon za ku san darajar aikin. Idan mai wannan larura ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki ya rufe hanyar iska. Numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi a firgice, ya ja wani dogon minshari ya koma barci, shi bai ma san an yi ba. Likitoci suna ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa guda. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa ya yi tsanani. Ku yi tunanin a tashe ku sau 30 a kowace awa har asuba. Shi ya sa Baba ke gyangyaɗi a majalisa, yake tashi da ciwon kai, hawan jininsa ya ƙi jin magani. Ciwon yana da alaƙa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ga haɗarin barci a kan sitiyari ga masu tuƙi. Ba kuma na 'yan tsiraru ba ne: wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 suna da shi a duniya.

Injin, wanda ake kira CPAP, wani likitan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro shi a birnin Sidni, ya buga sakamakon gwajinsa a 1981. Dabararsa mai sauƙi ce. Akwai ƙaramar fanka a ciki da ke zuƙo iskar ɗaki, ta tura ta cikin tiyo da ɗan ƙarfi, ƙarfin nan ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Ku lura da abin da na ce: iskar ɗaki. Mutane da yawa suna zaton injin yana haɗa wata iska ce ta musamman irin ta tukunyar asibiti. Ko kusa. Abin da ke yawo a ɗakin Baba shi injin ke ɗauka ya kai masa hanci, kuma yana ɗauka da yawa. Takunkumin yana da 'yan huji da aka yi da gangan don iskar da mutum ya fitar ta samu mafita, saboda haka fankar ba ta hutawa. A yawancin takunkumai lita 20 zuwa 40 ke fita ta nan a minti ɗaya, gwargwadon ƙarfin da likita ya saita. Mu ɗauki 30. A barcin awa 7 lita 12,600 ke nan, wato kamar jarka 500 irin ta 'yan garuwa, a dare ɗaya. Dukanta ta ɗan ƙyallen nan da bai kai tafin hannun yaro ba take bi.

Yanzu ku buɗe littafin injin ku ga abin da ya ce. Kamfanin ResMed, mai AirSense 10 da AirSense 11, ya ce a riƙa duba filtar, a canza ta aƙalla duk wata 6, ko kafin nan idan ta huje ko ƙura ta toshe ta, kuma ba a wanke ta. Kamfanin Philips, a injinsa DreamStation na farko, ya sa filta biyu. Akwai shuɗiya mai duhu da ake ɗaurayewa duk mako 2 a sauya ta bayan wata 6, akwai kuma shuɗiya mai haske, mai laushin saƙa, wadda ake jefarwa bayan dare 30. Wannan gaskiya ce, amma gaskiyar inda aka rubuta ta. Waɗanda suka tsara lissafin nan suna zaune ne a ɗakunan da tagoginsu ke rufe ruf, titin ƙofar gidansu da kwalta. Ko a can ɗin ma, shirin inshorar lafiya na tsofaffi a Amurka, Medicare, yana biyan kuɗin filtar yarwa guda 2 a kowane wata. Mu fa? Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, ta zube mana ita a Maiduguri da Damagaram da Kano da Sakkwato. Kun san yadda ake goge talabijin da safe, kafin la'asar a iya rubuta suna a kansa da yatsa. Wanda ya riƙe wata 6 ɗin littafi a irin wannan lokaci ya cuci Baba, ya cuci injin. A duk jimlar kamfanin ResMed, gaɓar da ta shafe mu ita ce wannan: ko kafin nan idan ƙura ta toshe ta.

Abin da nake ba ku shawara shi ne ku ɗaura aikin a kan Juma'a, don rana ce da ba a mantawa. Da hantsi, kafin a fara shirin masallaci, ka shiga ka gaida Baba ka ce, "Baba, a ba ni injin in duba masa filta." Cire wayar wuta tukuna. Idan akwai tankin ruwa a jiki, zare shi ka ajiye gefe, don idan ka karkata injin da ruwa a ciki zai iya gangarawa cikin fankar. A gefe ko a baya za ka ga wata 'yar ƙofa mai ramuka. Buɗe ta da farce, ka zaro filtar a hankali kada ka karkaɗe ƙurarta cikin ramin. Shimfiɗa ta a kan farar takarda, ka ajiye sabuwa kusa da ita. Nan ne idonka zai gaya maka gaskiya. Ita kaɗai za ka ce ai da sauranta, amma kusa da sabuwa sai ka ga ta koma ruwan ƙasa, har da zanen ramukan ƙofar a jikinta, layi-layi, inda iska ta fi bi. Ɗaga ta saitin taga. Idan haske ba ya ratsa ta kamar yadda yake ratsa sabuwar, ko ka ga huji ko gefenta ya fara zarewa, ta gama aiki. Sa ƙyalle busasshe ka goge mazauninta, ka saka sabuwa ta kwanta daidai ba lanƙwasa, ka rufe ƙofar har ka ji ta kama. Sannan ka rubuta kwanan wata a ɗan farin salatif ka manna a gefen injin, nesa da mashigar iska. Duk wannan bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

A ganina, a tsakiyar hunturu filtar yarwa ba ta wuce mako 2 a ɗakin da ke da taga ta waya, wani lokaci ma mako ɗaya. Da damina za ta iya kai wata ko fiye. Gidan da ke bakin hanyar da ba kwalta, ko ake girki da itace kusa da ɗakin, ko akwai kyanwa da ke kwana a ciki, nasu lissafin ya fi haka gajarta.

Me zai faru idan an bar ta? Fankar za ta riƙa wahala wajen zuƙo iska, ƙarar injin ta sauya, jikinsa ya ɗau zafi, iskar da ke isa hanci kuma tana iya raguwa. A AirSense 10 akwai saƙon matsala mai lamba 004, kuma cikin dalilan da littafin ya jero masa akwai ajiye inji a wuri mai zafi da toshewar filta. Kamfanin ya ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu, an ɗauke wuta, ya san injin yana bakin iyakarsa tun kafin a ƙara masa toshewar hanci. Shekara 5 aka ƙiyasta injin zai yi yana aiki. Kuɗin filtar shekara guda bai kai ko kusa da kuɗin sabon inji ba, kuma idan fankar ta ƙone, mai gyaran rediyon bakin kasuwa ba zai iya mata komai ba.

Sai maganar saye, inda aka fi yin kuskure. Filta ba ta da girma ɗaya. Ta AirSense 10 tana shiga tsohon injin S9, amma ba ta dace da AirSense 11 ba, duk da kamfani ɗaya ne kuma sunan ya yi kama. Injinan kamfanonin Sin irin su BMC da Yuwell, da na Fisher & Paykel na ƙasar Niyu Zilan, kowanne da tasa. Kada ka je shagon kayan asibiti ka ce a ba ka filtar injin minshari, a miƙo maka duk wadda hannu ya kai. Juya injin, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a ƙasansa mai suna da lamba, ka tafi da tsohuwar filtar a leda don gwadawa. Idan ba a samu ta ainihin kamfanin ba, akwai waɗanda wasu kamfanoni ke yankawa daidai da ita, kuma ban ga laifinsu ba muddin sun cika mazaunin ba tare da barin kafa a gefe ba, kuma idan ka murza su da yatsa ba sa zubar da gashi. Kafar gefen nan ita ce matsala, domin iska hanya mafi sauƙi take bi, ƙura kuma tana biye da ita. Wadda ta zo a buɗe, ba leda, tana warin sito, bar masa abarsa komai arharta.

Akwai kuma zaɓi tsakanin ta yau da kullum da mai laushin saƙa, wadda aka yi don masu asma da masu atishawa idan sun shaƙi ƙura. Ta biyun tana kama ƙananan ƙwayoyin da ta farkon ke bari su wuce, kuma saboda haka ne take saurin toshewa. Idan Baba yana da asma ko mura ba ta barinsa da hunturu, ita ta dace da shi, da sharaɗin akwai wadatarta a gida. Sayen mai tsada guda biyu a bar kowacce ta yi wata uku ba dabara ba ce. Gara ta yau da kullum guda goma sha biyu ana canzawa a kan kari. Ku sayi ta shekara gaba ɗaya tun watan Oktoba, ko a saƙa wa ɗan'uwan da zai zo daga waje, ai ba ta da nauyi, ambulan ɗaya ya ɗauke ta. A ajiye su cikin ledarsu a durowa, inda danshin damina ba zai kai ba.

Wadda ake wankewa kuwa, ku saya biyu. Dalili shi ne shanya. Ana ɗauraye ta da ruwa mai ɗumi, a yarfe, a bar ta ta bushe ƙarau a inuwa cikin ɗaki, ba a kan igiyar tsakar gida ba inda za ta kwashi ƙurar da aka wanke mata. Kada a taɓa mayar da ita da laima. Jiƙaƙƙiyar filta tana hana iska wucewa, tana kai danshi cikin fanka, kuma da damina fumfuna ba ta jiran gayyata. Idan akwai biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya, ba wanda zai yi gaggawa da magariba. A tsofaffin injinan Philips masu soso ruwan toka da farar filta, farar ce ke shiga ciki, soson ya biyo baya daga waje.

Na san halinmu na dabara, kuma a wurare da yawa dabarar nan ce ke riƙe da gidajenmu. A nan dai ku ajiye ta. Kada a yanko soson katifa, ko audugar kyamis, ko takunkumin korona a cusa a ramin. Soson katifa yana marmashewa, marmashin kuma huhun Baba zai nufa. Auduga tana sakin zare ya naɗe fanka. Kada a wanke filtar yarwa da omo, kada a kai wa mai faci ya hura mata iska. Za ta fito fes a ido, amma saƙarta ta riga ta buɗe. Idan ta ƙare babu sabuwa, tsohuwar da ba ta huje ba, a ɗan kaɗe ta a waje, ta fi babu, kuma ta fi a ce Baba ya kwana ba inji. Wannan na kwana biyu ne kafin a samo, ba na wata ba.

Akwai abin da nake so ya zauna muku sosai, don a kansa rai ke iya salwanta. Filta ƙura take kamawa. Hayaƙi da guba suna wuce ta kamar babu ita. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar gubar nan da ba ta da launi ba ta da wari, wadda kusan kowace shekara ake jin ta hallaka iyali guda a cikin barci. Da yake injin Baba sai da wuta, akwai jarabar jawo janareta kusa da tagarsa don waya ta kai. Kada a yi. A ƙara tsawon waya, janareta ya tsaya can waje nesa da kowace taga, ko a haɗa kuɗi a yi masa batir da sola. Haka gawayin jin ɗumi a kasko cikin rufaffen ɗaki. Haka maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya: idan an fesa, a rufe injin, a bar ɗakin ya sha iska kafin a kunna shi, gidan sauro kuma ya fi duka. Hajiya za ta so ta turara ɗakin maigida, wannan ba a hana ta, ke ce za ki lallaɓa ki ce, "Umma, bari in lulluɓe injin kafin a kawo kaskon." Kada kuma a ɗiga turare a jikin filtar wai don iska ta yi ƙamshi.

Inda aka ajiye injin ma rabin aikin ne. A ƙasa, kan siminti ko darduma, nan ƙura ta fi taruwa, nan tsintsiya ke tayar da ita. A samo ɗan tebur ko kujera 'yar tsugunno mai ƙarfi, a ɗora shi ya ɗan yi ƙasa da kan mai barci don ruwan tanki kada ya gangaro cikin tiyo, nesa da taga, kuma labule ko bargo kada ya rufe mashigar iskar. Da rana a cire wuta a lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta. Mai shara ta yayyafa ruwa kafin ta fara.

Wasu gidajen injin na hannu suka saya, don sabo ya fi ƙarfin aljihu. Ba abin kunya ba ne, amma akwai labarin da ya kamata ku sani. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin injinansa, ciki har da DreamStation na farko da System One, saboda soson da aka sa a cikinsu don rage ƙara yana iya ruɓewa ya zama baƙin gari mai bin iska, kuma zafi da danshi suna ƙara saurin lalacewarsa. Soson nan yana can ciki ne, bayan iska ta riga ta wuce filta, saboda haka ko kullum ake canza filta ba za ta tare shi ba. Kayan da aka daina so a Turai da Amurka kun san inda suke ƙarewa. Idan injin gidanku Philips ne da aka ƙera kafin ƙarshen Afrilun 2021, ku ɗauki lambarsa ku bincika ko an gyara shi, kuma idan kun ga baƙin gari a tiyo ko a tankin ruwa ku kai wa likita maganar a ranar. Kada ku kwance injin da sukundireba don cire soson, kada kuma ku yanke wa Baba hukuncin daina amfani da shi; likita ne zai auna wanne ya fi haɗari. Za ku kuma ga ana tallar wata filta mai kama da ƙaramin faifai da ake sawa tsakanin inji da tiyo don tare ƙwayoyin cuta. Tana da amfaninta a asibiti, inda majinyata da yawa ke amfani da inji ɗaya, amma tana iya sauya ƙarfin iskar da ke isa hanci, don haka sai da izinin likita. Akwatunan da ake cewa suna tsabtace inji da iskar ozon kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu tun 2020. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi sun ishi tiyo da takunkumi.

Idan kun canza filta, kun wanke tiyo, takunkumi ya zauna daidai, amma minshari ya dawo, ko Baba ya koma gyangyaɗi bayan azahar, ko yana cire takunkumin cikin dare yana cewa iskar ta yi masa yawa ko kaɗan, to abin ya wuce hannunku. Za ku ga bidiyo a YouTube da ke koya yadda ake shiga saitin likita a ƙara ƙarfin iska. Kada ku taɓa. Yawancin injinan nan suna da ɗan katin ajiya a gefe da ke rubuta yadda kowane dare ya kasance. Ku ɗauki injin da katinsa, ku raka Baba wurin likitan da ya rubuta masa shi.